Guɗar da Ta Tsawaita Igiya

Da sunan Allah nake farawa. Takardar nan ta fito daga uwarka, zuwa ga babban gidan nan, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba. Malam mai rubutu ya ce ba a aika takarda babu suna. Na ce masa ai shi ya raɗa, sai ya sa a baya, ni dai ba zan faɗa ba. Ina gaishe ka, ina gaida gajiyar hanya. Allah ya sa ta same ka a Dogon Dutsi kafin ayarinku ya tashi ranar kasuwa. Allah ya tsare ka daga mugun ruwa da mugun aboki, ya tsare ka daga kanka, don shi na fi ji maka tsoro.

Gaisuwa ta ƙare, yanzu ka nemi wuri ka zauna. Kada ka ba Barmu ya karanta maka, ko da ya rantse ya iya. Ka kai wa wani malami a bakin kasuwa wanda bai san mu ba, ka ce ya karanta da ƙarfi, kada ya tsallake komai. Raina a ɓace yake, kuma na gaya wa mai rubutu kada ya wanke mini magana.

Tun da Barmu ya dawo daga ƙasar Ingilishi, nan ƙetaren iyaka, da takalmi mai ƙara da laima a hammata, samarin garin nan suka daina jin maganar kowa. Ya ce zai kai ku Ƙauran Namoda lodin buhunan gyaɗa a jirgin ƙasa. Ban ce kada ka je cin rani ba, rumbu bai cika ba, ni ma na gani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar nan da ya zuba muku a kunne, wadda na ji kana maimaitawa a bayan darni kamar karatun allo. Shi ya sa ranar da ya shigo sallama na tsare shi a zaure.

Na ce, “Barmu, wace magana ta wagga da ka koya ma ɗiyan mutane?”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, maganar Ingilishi ta. Su ka cewa mutumen kirki shi ka ƙara mil guda.”

“Mi aka cewa mil?”

“Tahiya ta, awa daga nan zuwa tabkin gabas. Amma ba tahiyar aka nuhi ba. In an ce maka ga iyakar aikinka, kai ko ka kai iyakar ka wuce, ba wanda yac ce ka yi, ka zuba ƙarhinka duka har ba saura. Mai yin haka shi Bature ka gani, shi aka yi ma helma, shugaban leburori.”

Na ce, “Na jiya. Wa ka hwaɗin ta?”

“Bature mana.”

“Shi ka ɗaukar buhun?”

Sai ya kama gyaran laima. Na dubi tafin hannunsa, sumul kamar na amarya. Na tambaye shi ɗan Gado da ya tafi da shi bara, wanda aka dawo da shi a kan jaki ƙaba ta sauko masa, ko shi ma mil ɗin ya ƙara. Ya ce wannan ƙaddara ce. Ya tashi ko ruwan da na ba shi bai sha ba.

Maganar ba ta da wuyar ganewa, ni da ban taɓa taka ƙasar Ingilishi ba na gane ta sarai, don na ga an yi ta a gabana tun kana goye. Nasaran Faransa ba su san mil ba, igiya suka zo da ita. Ka san hanyar mota ta ci ubanka Nomau, kowa ya gaya maka. Amma a bakin makaɗa ka ji labarin, su kuwa makaɗa ba su ɗauki tulu a bakin hanyar nan ba. Ni na ɗauka.

Bayan kaka ne gardawan kumandan, wato dogaran Nasara mai mulkin ƙasar, suka zo da ɗan sarki, suka ɗebi maza gida gida don aikin dole, hanyar da ta fito daga Doso ta ratsa Dutsi ta yi gabas. Mu ma mata aka ɗebe mu, ɗiban ruwa da daka. Kowace safiya gardi zai shimfiɗa igiya a ƙasa, ya ce wa kowane mutum daga nan zuwa nan naka ne. Ka tone kututture, ka fasa marmara, ka ɗauko a kwando, ka zuba, ka daɓe. In rana ta faɗi ba ka kai bakin igiyarka ba, dorina ce. Manyan da ke wurin ba su yi taro ba, ba su yi shawara ba, amma kowa ya gane. Suna tafiya kafaɗa ɗaya, mai ƙarfi yana jan hannu, marar ƙarfi yana ƙoƙari, rana na faɗuwa kowa na kaiwa. Gardi ya duba ya ga an gama, ya naɗe igiyarsa.

Ubanka bai iya wannan tafiyar ba. Mutum ne na gayya. Kai ma ka san yadda take: mai gona ya kira gari, makaɗa su tsaya a bakin kunya, samari su jeru, wanda ya fara ɓulla ƙarshen gona ya ɗaga hauya sama, mata su saki guɗa. A Matankari da kewayenta ba a taɓa ganin ƙeyar wani a gaban Nomau ba. Guɗa kuwa, a lokacin ba a kama ƙafata. In na saki murya a gonar yamma, masu kiwo a gabas suna juyowa. A wurin gayya ya gan ni, a wurin gayya na gan shi.

Baffanka Tankari, yayan ubanka mai ciwon gwiwa, yana ta ja masa kunne. Na ji da kunnena yana cewa, “Nomau, rage hannu. Wagga ba gayya ta ba. Ba mai kawo maka hura, ba mai zuwa taka gona.” Ubanka ya daure kwana da kwanaki, yana tafiya da su kamar doki a turke.

Ranar da kumandan ya zo duba aiki a kan doki, jini ya ɗebi ubanka. Ya ga baƙo, ya ga ido. Rana ba ta kai tsaka ba ya kai bakin igiyarsa. Bai tsaya ba, ya tsallaka ya kama gaba, inda ba a auna wa kowa ba, ya daɓe ta, sannan ya miƙe ya ɗaga hauya sama yadda ya saba. Wallahi kumandan bai gani ba. Ya riga ya juya kan dokinsa zai koma bariki, gardawa suna bin sa. Da an ƙyale, da abin ya wuce, da Tankari ya zage shi da yamma shi ke nan.

Ni ce na fito daga wajen rijiya, tulu a kai, kai a baya. Na hango mijina tsaye shi kaɗai a gaban maza duka, zufa na sheƙi a ƙirjinsa, hauya a sama. Ban yi tunani ba. Na kama hanci na saki guɗa, irin wadda ban taɓa yin mai tsawonta ba.

Doki ya tsaya. Kumandan ya juyo, ya yi magana, tafinta ya ƙwalla mini kira: “Ke maccen ga, kumandan ya ce mi yas same ki?” Na sauke tulu, ina murmushi kamar wawuya, na ce, “Mijina na. Ya gama nashi, ya ƙara.” Da bakina na faɗa, ba wanda ya matse ni. Nasara ya sauko, ya taka aikin da ƙafa daga farko har ƙarshe, ya yi dariya, ya bubbuga kafaɗar ubanka, ya ba shi taba kara guda. Ranar nan na koma masauki ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi.

Da gari ya waye gardi ya shimfiɗa sabuwar igiya. An yanke ta daidai aikin Nomau na jiya, har da ƙarin. Ba tasa kaɗai ba, ta kowa.

Ka ji wautata. Na ɗauki abin gona na kai shi inda ba gona ba. A gayya, mai zuga ka shi ne mai cewa ya isa haka, a zo a sha fura, kuma mako mai zuwa yana gonarka da hauyarsa. A aikin Nasara ba mai cewa ya isa. Abin da ka yi ranar da jikinka ya fi daɗi, shi za a nema gare ka ranar da zazzaɓi ya kama ka. Don haka in ka isa Ƙaura, ranar farko ce abar tsoro. Kada ka nuna musu iyakarka. Ka duba wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, mai furfura wanda har yanzu yake tafiya a miƙe, ka ɗauka yadda yake ɗauka, ka huta inda yake hutawa. Shi ya san abin da Barmu bai gaya muku ba. In Bature ya fito kallo, ko 'yan mata masu tallar fura suka tsaya, a nan ne za ka ji jinin ubanka yana tashi. Ka danne shi.

Da yammar nan aka kwantar da Tankari a gaban mutane, don gwiwarsa ba ta kai shi bakin sabuwar igiya ba. Ba shi kaɗai ba. Mata suka daina amsa gaisuwata a rijiya, in na miƙa hannu a ɗora mini tulu sai kowa ta kau da kai. Ban ga laifinsu ba, ko ni ce haka zan yi. Ka riƙe wannan ma: in ana aiki a jere, hannunka ba naka ne kai kaɗai ba. Buhu biyu da za ka saɓa don a yi maka tafi, wani uban 'ya'ya ne zai biya da bayansa gobe. In aka ce za a yi maka helma don ka fi su, ka tambayi kanka da bayan wa aka saya maka.

Da wa'adin garinmu ya cika aka sallami kowa, ban da ubanka. Suka tafi da shi gabas tare da hanya. Duk garin da aka ɗebo sababbin mutane, sai a sa shi gaba ranar farko, a yanke igiya a kan aikinsa. Daga baya ya gane, ya so ya rage hannu. Ina! Sun riga sun ga abin da zai iya, in ya rage sai su ce taurin kai ne, dorina ta hau shi. Ragon da bai taɓa nuna komai ba yana kwana lafiya, gwanin ƙasarmu Arewa yana kwana rub da ciki don bayansa ba ya taɓa tabarma. Mutanen garuruwan da ya bi kuma suna tsine masa, shi da bai san su ba.

Shamuwa ta zo bai dawo ba. Ruwan shuka ya sauka bai dawo ba. Na fita gona ni kaɗai, kana baya kana kuka, ina sara da sungumi, ina komowa ina jefa iri, ƙasa na bushewa a gabana. Ina cikin haka na ji motsi. Na waiga na ga Tankari yana ɗingishi a bayana, ya ɗauki ƙwaryar irin, yana jefawa yana binnewa da diddige. Ya gama tasa gonar, ba wanda ya aiko shi, shatin dorinar da muka jawo masa yana nan a bayansa. Bai ce mini sannu ba, ban ce masa na gode ba. Muka yi ta yi har muka kai bakin gona, ya ajiye ƙwarya ya tafi.

To, in akwai inda maganar Barmu take da gaskiya, a nan ne. Ban haifi rago ba, kuma ba ragwanci nake koya maka ba, kada ka karkata mini magana. Akwai wurin da mutum zai zuba ƙarfinsa duka har ba saura: gonar da za ka ci, gonar ɗan'uwa da ruwa zai wuce shi, rijiyar da ta rufta da mutum a ciki, marar lafiya da za a kai wurin magani. A irin wannan wuri ba mai tsayawa da laima yana faɗa maka, kai ne za ka gani ka yi. Amma in ka ji maganar ta fito daga bakin wanda hannunsa ke cikin aljihu, ka san ƙirjinka yake so ya saya da yabo. Ka yi aikin da aka ɗauke ka dominsa, ka yi shi da kyau, kada ka yi ha'inci, kada ka ɓuya a bayan buhu. In ka kai iyaka, ka tsaya. Sauran ƙarfin ba nasu ba ne, yana da masu shi a gida.

Gero ya kai gwiwa sannan aka sako ubanka. Da ya shigo ban gane shi ba sai da ya yi magana. Tari yake, in ya tofa da jini. Dangi suka ce iska ce ta taɓa shi a dajin gabas, aka kira 'yan bori, aka yanka abin da aka yanka. Na ba da akuyata ban yi musu ba, amma ni na san ba doguwa ba ce, igiya ce. Wata rana ina ba shi kunu ya dube ka kana rarrafe, ya ce, “In yat tashi, kar ki bari a kaɗa mishi.” Bai ci tumun shekarar ba.

A nan ma na yi sake, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don a lokacin ba yarinya ba ce ni. Da ka fara kama hauya, makaɗa suka fara kiran ka ɗan mai igiya biyu. Na ji, ban hana ba. Daɗi nake ji a ambaci mijina a gaban mutane, ko da ƙarya aka haɗa. Na bar su suka mai da abin da ya kashe shi kirari, kana ji kanka yana kumbura. Ga kunyar ɗan fari, ba na zama da kai, ba na kiran sunanka, balle in buɗe baki in ba ka labari irin wannan. Na ce wata rana Tankari zai gaya maka, shi kuma ya mutu bai ce komai ba, don ba mai tona ciwo ba ne. Kai kada ka yi irin nawa. In ka ga ana zuga ƙaninka ko abokinka ya hau abin da zai karya shi, ka buɗe baki tun da wuri, ko zai ji haushinka.

Ranar da ka naɗe tabarmarka, ka tsaya a bakin ƙofa ka jefo mini magana, ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka ce, “Inna, bara na ka da samarin gari duka wurin gayya. Mata sunka yi guɗa har da tsohuwar da ba ta da haƙori, ke ko kai ba ki ɗaga ba. An ce da ke ce gwana. Za ni inda aka sanin ƙoƙarin mutum.” Na ci gaba da sheƙa kamar ban ji ba, ka tafi. Ka ci sa'a akwai mutane a tsakar gida, da faifan nan ya sauka a kanka. Kai har ka isa ka ce ban gani ba? Ina tsaye a gindin gawo na ga ka ɓulla ƙarshen gona, na ga ka ɗaga hauya, kafaɗarka da tsayuwarka duk nasa. Guɗar ta taso mini har maƙogwaro, na cusa bakin zane a baki na cije. Tun ranar bakin hanyar nan ban sake yin ta ba, ko a suna, ko a biki, ko ranar da aka kawo matarka. Ba rashin so ba ne. Tsoro ne.

Yanzu ga ka za ka kai kanka inda wani mai laima zai yi maka guɗar da na hana ka, da harshen Ingilishi. Abin da ya ƙona ni ke nan. Na rasa miji da bakina, ba zan zauna in rasa ɗa da shiruna ba. Malam yana cewa in sassauta, ya ce uwa ba ta yi wa matafiyi faɗa. Na ce ya rubuta, in alƙalaminsa ya gaji in kira wani.

Ka kula da ƙirjinka. In ka ji suka a haƙarƙari, ko ka yi tari ka ga abin da ba ka gane ba, kada ka jira Barmu, kada ka jira kowa, ka ajiye buhu ka kamo hanya ko da hannu wofi. Ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan, wanda ya yi kuwa ni ce daidai da shi. In lafiya ƙalau kake, to ka sa ido a sama. Ranar da ka ga shamuwa ta sauka, aikin Ƙaura ya ƙare, ko sun ce saura tarago ɗaya, ko sun ce gobe za a yi maka helma. Matarka tana da ciki, ba ta gaya maka ba don kunya, ni na gani. Ba na so ta san yadda sungumi yake a hannun mace mai goyo. Tankari kuma babu shi.

Allah ya kai ka lafiya, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin yabo. Allah ya ba ka abin da ka fita nema daidai gwargwado, ya kawo ka kafin ruwa. Matarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, Malam ma ya ce a gaishe ka, ya ce ka yi haƙuri da tsohuwa.

Saura magana ɗaya. Guɗar nan ba ta mutu ba, tana nan, ni na san tana nan. Ba zan yi ta don ka riga kowa ba, ba zan yi ta don takalmi ko laima ba. Ka dawo mini da ƙafarka, ƙirjinka ƙalau, ko da kai ne na ƙarshe a ayari, ko da jakin Gado ya riga ka shigowa gari. Ranar nan zan ajiye kunya a ɗaki, in fito bakin hanya, in kira ka da sunanka a gaban kowa, in saki guɗar da za a ji a Matankari.

Ni ce uwarka.